Garin Gilashin Da Ya Ɓace Ranar Tiyata

Da sanyin safiya aka kira Sufeton 'yan sanda ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Farfesa ne ya tarbe shi, yana huci.

"Kwalbar garin gilashi aka ɗauke. Ba irin na taga ba, Sufeto. In muka yanke ƙashin da ciwon daji ya ci, da shi muke cike ramin, sabon ƙashi ya tofo a kansa. Yau za mu sa wa wata malamar makaranta a ƙafa, ga manyan baƙi sun zo kallo."

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Makulli biyu ne, na Farfesa da na matar da ke gasa gilashin, wadda kowa ke kira Uwar Tanda.

"Rabona da ɗakin nan tun shekaranjiya," in ji ta.

Amma mai shara ta ce jiya da la'asar ta ji famfo na ta zuba a ciki, alhali Farfesa yana can wajen tarbar baƙinsa.

Sufeto ya sa aka kwance bututun wurin wanke hannu. Farin gari ya cushe shi tam. Ɓarawo ba ya wanke abin da ya sata, ya raya a ransa.

Ya ajiye bututun gaban Uwar Tanda. "Baiwar Allah, me ya yi zafi?"

Ko gezau ba ta yi ba.

"Ni na zubar, ranka ya daɗe. Gobe ma in aka ba ni irinsa, zan zubar. Wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar gashi, gilashin ya lalace. Sau uku ina gaya wa Farfesa, ya ce mai hura wuta ba ta koya wa likita aiki. Shekara goma sha bakwai ina gaban tandar nan. A zuba wannan a ƙafar 'yar mutane don a tafa masa? Ba da hannuna ba."

"Ƙarya take!" Farfesa ya daka tsawa.

"Na'urar tanda tana rubuta zafinta da kanta. Ita ma ƙarya take?"

Sufeto ya ciro takardar na'urar ya duba, ya ga inda zafin ya faɗi, ya ninke ta ya sa a aljihu. Kofur ɗin da ya rako shi ya zaro ankwa, Sufeto ya ɗaga masa hannu ya mayar da ita.

Uwar Tanda ta cire farar rigar aiki ta rataye, ta wuce gaba da kanta zuwa motar 'yan sanda.

A bakin ƙofa Sufeto ya waiwayo. "Farfesa, kai ma taho, akwai sauran wuri a motar."