Idon Injin Marigayi Kabir

Ranar da Ummukulsum ta fara shiga shagon Ƙasimu a Ƙofar Kuyambana, rungume take da injin gem mai cin faifai, naɗe cikin ɗankwali.

"Na yayana ne, marigayi Kabir," ta ce. "Tun da ganin Baba ya raunana, da shi yake sauraren faifan karatun Alƙur'ani. Yanzu sai tsallake ayoyi yake yi."

Ƙasimu ya kwance injin, ya goge idon da ke karanta faifai da auduga. Idon ya gaji, sabo yake buƙata, ga kuma sabon a durowarsa. Amma da ta ɗago ta dube shi, shi ke nan, bawan Allah ya rikice! In ya sa sabo, yaushe za ta dawo? Sai ya ɗan murɗa sukurun da ke ƙara wa ido wuta, ya mayar ya rufe, alhali ya san gyaran nan ba ya ƙarko.

Ta dawo, ya murɗa. Ta kuma dawowa, ya ƙara. Tafi-tafi ta zama "Ummuna", shi kuma "Injiniyana". Mahaifinta Malam Ya'u kuwa ya ce ba ya ba mai gyaran kayan wasan yara 'yarsa.

Ana nan, rannan wutar ta yi yawa, ta ƙone har cikin injin. Ƙasimu ya sa sabon idon, shiru. Ya sunkuyar da kai ya gaya mata gaskiya.

"Haba Ƙasimu," ta ce, hawaye na zuba. "Abin da ya rage mana na Yaya ke nan fa."

Baƙin ciki ya ishe shi. Washegari ya tafi unguwarsu Ummu, Limancin Kona, ya durƙusa a zauren Malam, ya faɗi abin da ya aikata.

"Allah gafarta Malam, ba ni da abin biya. Amma in an yarje mini, ni zan riƙa karanta maka."

Malam ya ce, "Ɗauko Alƙur'anin."

Kullum bayan la'asar Ƙasimu na karatu da muryarsa mai gargada, Malam na gyara masa. Damina ta wuce, Ummu ta huce, Malam ya sauko.

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Amma Ƙasimu, da tun farko sallama ka yi a ƙofar nan, da injin Kabir na nan yana karanta mini."

Jama'a suka amsa da amin. Ango dai ya kasa ɗago kai.