Barira da Farantin Tagulla

Ku matso, ku rage murya. Irin wannan labari ba a ɗaga masa harshe.

Akwai wata Barira da ke karatun digiri na uku a wata jami'a, fannin kimiyya. Aikinta shi ne ta shafa wani sinadari a kan ƙaramin farantin tagulla, irin sinadarin da ake yin ƙwayayen fitilun zamani da shi. Shafen siriri ne, ko ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. In an ba shi wutar lantarki ta wayoyi, so ake ya yi haske. Yana kuwa yi, amma sai an tsoma shi cikin wani ruwa mai hayaƙi da ya fi ƙanƙara sanyi. Da ya ji ɗumin ɗaki, sai tagullar ta shanye hasken. Ita kuma abin da ta ɗaukar wa malaminta, Farfesa Gwadabe, alkawari shi ne haske ba tare da sanyin nan ba.

Shekara huɗu tana abu ɗaya. Waɗanda suka shigo tare da ita duk sun gama. A gida, Innarta kan ce wa baƙi, "Ai Barira haske take haɗawa." Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta shige ɗaka.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen wata doguwar baranda. Ba shi da taga ko ɗaya, don sai cikin duhu ake auna haske. Wata Juma'a da rana tsaka, mutane duk sun tafi masallaci, Barira ta shiga ita kaɗai. Ta rufe ƙofa, ta kashe fitila, ta ba farantin wuta. Ba komai. Ta kifa kai a kan tebur.

Sai ta ji shara. Shuu. Shuu. A cikin ɗakin.

"Wane ne?"

"Mai shara ce, 'yar nan."

Muryar tsohuwa ce. Amma daga ƙasa take fitowa, daidai idon sawu, numfashin kuwa a ƙeyar Barira yake sauka.

"Iya, ta ina kika shigo? Na sa sakata."

"Kuka kike yi?"

"A'a."

"Miƙo farantin."

Barira ba ta san lokacin da ta zare wayoyin ta miƙa ba. Ta ji an karɓa. Ta ji an hura masa iska sau ɗaya, a hankali, kamar mai fifita kunun jariri. Sai ga haske ya taso, kore-kore, a natse. Ba waya, ba sanyi.

Hasken bai kai fuskar tsohuwar ba, ƙasa ya sauka. Barira ta ga ƙafafu biyu, dugadugan suna gaba, yatsun suna kallon baya. Ba tsintsiya ko'ina.

Ta so ta yi addu'a, harshenta ya ƙi ɗaguwa.

"Na ba ki," in ji muryar. "Amma in an tambaye ki wa ya yi, ki ce ba ke ba ce."

Da ta lalubo makunni ta kunna fitila, ita kaɗai ce. Sakata tana nan yadda ta sa ta. Farantin yana kan tebur, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

Ta kwana biyu ba ta je makaranta ba. Ta yi niyyar jefa shi a masai. Ranar Litinin sai ta samu kanta a ofishin Farfesa da shi cikin jaka. Suka shiga ɗakin, ta maƙala wayoyi don kada ya gane, ta kashe fitila.

Hasken ya taso, kore-kore. Farfesa ya ce, "Allahu akbar. Barira, ke kika yi wannan?"

Ta ji ƙeyarta ta yi sanyi.

"Ni ce, Malam."

Murna ta hana shi zama. Ya kira manyan malamai na sashen, har da baƙi biyu daga wata jami'a. Ya ce ta gayyato Innarta ta ga abin da ɗiyarta ta yi. Ran Alhamis Innar ta zo da sabon mayafi, aka ba ta kujera a gaba.

Barira ta yi bayani. Ta faɗi zafin da ta gasa shafen da shi, da tsawon lokacin. Duk shirya su ta yi. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Da hannunki kika yi, Malama?"

"Da hannuna."

Aka kashe fitila.

Farantin bai yi haske ba. Baƙi ƙirin. Amma ɗakin bai yi duhu ba. Wani ya ja numfashi. Barira ta ga fuskokinsu kore-kore, duk sun juyo suna kallonta. Ta kai hannu baki, sai ta ga haske yana tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Leɓɓanta ne. Har harshenta.

Ba wanda ya gudu. Da ma sun gudu, da ya fi mata sauƙi. Innarta ce kawai ta ce, "Barira?" da ƙaramar murya.

Nan ta durƙusa ta faɗi komai, kowace kalma tana fita da haskenta. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Ba ni ba ce," sai ɗakin ya yi duhu ɗif.

Farfesa ya kunna fitila. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Da cewa kika yi ba ki san yadda aka yi ba, da mun zauna mun bincika tare. Rashin sani ba abin kunya ba ne a gidan nan." Ya juya ya ba baƙinsa haƙuri. Innar ta yafa mayafinta ta riga kowa fita, har suka isa gida ba ta waiwayo ba.

Barira ta yi wata uku ba ta leƙa waje ba. Daga baya Farfesa ya aiko mata, ta koma ta faro aikin daga tushe, a wani ɗaki, ita da wata abokiyar karatu. Har yau in an kashe fitila, sai ta kai hannu ta rufe baki.

Tsohon ɗakin kuwa an sa masa kwaɗo. Kada ɗayanku ya bi barandar nan shi kaɗai lokacin da rana ta take tsaka. Masu gadi sun ce akwai muryar da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, tana tambayar duk mai wucewa abin da yake so. Ba ta gaisuwa. Sunanka take fara kira.