Haƙori a Aljihun Riga

"Yaushe ya fita?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Haƙorin na kwance a tafin hannunsa cikin hankici, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar masara.

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Na ce yaushe ya fita?"

"Kwana biyar."

Likitar ta ajiye aikin da take yi a kan teburin gwaji. Shekara guda tana jiran haƙorin nan, na ƙarshe a famfarar 'yarsa. Tun hatsarin motar da ya kashe uwar yarinyar, ƙashin muƙamuƙinta ya ƙi haɗewa. A cikin ɓargon haƙorin yara akwai ƙwayoyin asali, waɗanda ake fatan in an raine su a kwalba su tsirar da sabon ƙashi. Gwaji ne, ba alkawari ba, ta sha gaya masa. Amma shi kaɗai ya rage musu.

A kan wannan jiran suka saba, har ya sa mata zobe.

"Na ba ka kwalba da ruwan magani! Na ce yana fita ka jefa ciki, ka sa ƙanƙara, ka kawo a ranar. Ina kwalbar?"

"Hajiya ta zubar." Mahaifiyarsa yake nufi. "Ƙanwar marigayiya ce ta gaya mata wai sayar da sassan yara kuke yi a nan. Hajiya ta ce in na tako wurinki ba ta yafe ba. Sai na ɓoye shi a aljihu, kusa da zuciyata, ina lallashinta..."

"Kusa da zuciyarka," ta maimaita. "Wurin da ya fi ko'ina ɗumi."

Duk da haka ta karɓa. Ta sa safar hannu, ta tsaga haƙorin, ta ɗora a madubin likita. Ta daɗe tana dubawa, hawaye na ɓata mata gilashi.

Babu ƙwaya ko ɗaya mai rai.

"Sun mutu."

"Wayyo Allah! Ki sake dubawa, hasken idona..."

"Da ka aiko direba. Da ka kira ni na zo ƙofar gida na karɓa, ko da zagina za a yi. Ba zuwanka nake buƙata ba."

Bai yi tunanin haka ba, ta gani a idonsa.

Ta zare zoben, ta naɗe shi da ɓarin haƙorin a hankicin, ta miƙa masa.

"Ƙanwar marigayiya ta yi nasara, za ta maye gurbin yayarta. Allah ya ba ku zaman lafiya."

A baranda yarinyar na zaune tana kaɗa ƙafa, haɓarta a karkace. Tana ganinta ta washe giɓi.

"Anti Mai Gilashi! Kin shuka haƙorina? Yaushe zai tsiro?"

Ta durƙusa, ta gyara mata igiyar takalmin da ba ta kwance ba.