Ƙullin Garin Muƙaddas

"Buɗe hannunka, Muƙaddas!"

Ya daskare a bakin tafkin gabas, wani gari na zuba daga ƙullinsa cikin abincin kifi.

"Ɗijatu, sanyin idona..."

"Riƙe daɗin bakinka! Mene ne wannan?"

Shekarar da kuɗin fetur suka sa Larabawan Sabha haƙa rijiya ko'ina, Alhaji Hamed ya ɗauko mahaifina, Baba Mijinyawa, tun daga Yawuri, ya kiwata masa karfasa a gonarsa ta Samnu. Dusar sha'ir da niƙaƙƙen ƙwallon dabino muke ba su. Wata bakwai, kifi sai kai da ƙaya! Alhaji ya ce in bana ba a ga komai ba, Baba ya tattara.

Muƙaddas shi ke kula da injin ruwa, kuma shi nake so, so mai ciwo.

Sai ga Sallaou direba, wanda ya nemi aurena na kore shi sau uku, ya kawo mana labari: duk Juma'a Muƙaddas na shiga gidan wata Rékia a unguwar Sukra, ya fito da ƙulli.

Ya ce, "Sammu ne yake zuba wa kifin. So yake a kori tsoho ya gaji gona."

Na ƙaryata shi... yau ga idona.

Ihuna ya jawo Baba, Sallaou na biye da shi har da tuntuɓe.

"Ban faɗa ba? A kira 'yan sanda!"

Muƙaddas ya durƙusa.

"Baba, yis ne na burodi, da garin ƙashi da gishiri. Rékia burodi take gasawa. Dusa na cika cikin kifi, amma ba ta gina shi. Wata biyu ke nan ina sa wa tafkin gabas kaɗai."

Na ce, "To me ya kawo ɓoyo?"

"Na taɓa faɗa, Baba ya ce ɗan Kano ba zai koya wa masunci kifi ba. Ban so ya ji kunya, Ɗijatu."

Ya ɗebo zai kai baki, Sallaou ya sheƙe da dariya.

"Mai sammu ai da makarinsa yake yawo!"

Na dubi Muƙaddas. Idonsa ya kaɗa, ba kowa yake kallo ba sai ni. Tsoro nake ji, ba ƙarya. Amma in ban yarda da shi yanzu ba, yaushe?

Na fizge ƙullin, na watsa a bakina.

"Ɗijatu!!" Baba ya ƙwalla.

Gishiri... da ƙamshin ƙullun burodi. Na haɗiye, na tsaya ƙyam.

Baba ya naɗe hannun riga. Ya ɗauko birgi, ragarsa ta kamun kifi, ya jefa a tafkin yamma, 'yan mitsi-mitsi suka fito. Ya jefa a na gabas, sai da ya dafe ƙafa kafin ya jawo. Karfasa ɓul-ɓul, kowace ta fi tafin hannunsa!

Ko da muka waiga, Sallaou ya tada mota.

Baba ya daɗe yana juya kifi ɗaya a hannu.

"Yaro, jibi ka turo manyanka." Ya yi gyaran murya. "Kuma... na yamma ma yunwa suke ji."

Muƙaddas ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Da guba ce fa, 'yar rigima?"

"Da ka shiga uku da Baba." Na goge bakina da mayafi, na harare shi. "Juma'a mai zuwa ƙafata ƙafarka. Sai na ga Rékiar nan da idona."