Shafin da Aka Goge

Shekara nawa ƙarya take yi a takarda kafin ta zama gaskiya? Ban sani ba. Sufeton 'yan sanda ma bai sani ba, ƙafarsa kawai ke ciwo lokacin da ya shiga zauren da 'yan safiyo na ƙasashe suke taro kan awon koguna.

An sace tsohon littafin awon zurfin kogi daga akwatin gilashi. Ba a fasa komai ba.

"Yau za mu ɗauki hotonsa," in ji sakatariyar taron. "Da shi za a zana sabuwar taswirar jiragen fito."

"Wa ya karɓi makulli?"

"Babu kowa, yallaɓai."

Sufeto ya jawo rajistar makullai. Da safe wani ya rubuta lokaci da fensir, ya yi kuskure, ya ja masa layi ɗaya.

"Ashe wannan 'babu kowa' ɗin yana da fensir ke nan."

Ta sunkuyar da kai. "Baba ne. Shi ya koya mini aiki. Masu aiki a ruwa ba sa amfani da biro, tawada narkewa take."

Baba yana can baya, ya ɓalla maɓallan kwat har wuya duk da zafi. Shi ya yi awon da ke cikin littafin. Sau uku ana kiransa ya yi jawabi yana ƙi.

"Ban taɓa shi ba, ɗana," in ji shi da Sufeto ya ƙarasa wurinsa.

"Baba, na gaji, kai ma ka gaji. Buɗe kwat ɗin."

Littafin yana ciki. Tsohon ya buɗe wani shafi da ya yi duhu saboda yawan gogewa.

"A aikinmu ba a gogewa, layi ake ja. Duk wanda ke zauren nan, da gani zai gane. Ranar matata na naƙuda, ban shiga ruwa ba. Na ƙirƙiri lambobi, na ga sun yi kyau da yawa, na goge, na sake."

"In da littafin ya ɓace fa?"

"Da tsohuwar taswira za a ci gaba. Lambobina ne a kanta."

"Jirage na bin wurin da mutane?"

"Kullum."

Sufeto ya kama hannunsa. Sun kusa ƙofa Baba ya tsaya.

"Ba ni minti biyu."

Ya hau mumbari a hankali, ya jawo makirufo.

"Kwanar kogi ta uku," ya ce. "Ku je ku auna. Ban taɓa aunawa ba."