Ƙwanƙwasar Mata

Da hantsin Laraba aka kira Insfekta Nedim zuwa wani tsohon gidan katako a Safranbolu. Gawar mai gidan, tsohuwa Makbule, tana kwance a gindin matakala, kanta a fashe. Likita ya ce ta kwana biyu a nan.

Kafin Nedim ya iso, unguwa ta gama shari'a. Wani kurtun ɗan sanda ya riga ya tsare Derya, ɗalibar zanen gini daga Izmir, wadda ta yini uku tana ɗaukar hoton gidan. Mutanen garin nan suna son baƙo, amma sai lokacin da babu gawa.

Nezahat, maƙwabciyar marigayiya, ta tare shi a bakin ƙofa tana share hawaye.

"Ɗana, da kunnena na ji. Ranar Litinin bayan azahar aka buga ƙaramin. Mace ce!"

Kamar kowace tsohuwar ƙofa a nan, ƙarafan ƙwanƙwasa biyu ne a jikinta: babba mai kauri na maza, ƙarami mai siririyar murya na mata. Tun rasuwar mijinta Makbule ba ta buɗe wa babban.

"Inna, kwana biyu ba ki leƙa ta ba?"

"An ɗaure zoben ƙofa da zare, alamar ba kowa a gida! Na ɗauka ta yi tafiya. Sai dai raina bai kwanta ba, don ita farar igiyar shanya take sawa. Wannan ja ne."

Nedim ya shinshina zaren. Warin kakin zuma yake yi, irin na zaren dukawa. Ya sa shi a aljihu, ya ce a kawo Derya.

Yarinyar ta zo idanu sun kumbura.

"Wallahi Yallaɓai, ban taɓa shiga ba. Sau uku ina bugawa, ba a amsa ba."

"Buga in gani."

Ta kama babban ƙarfen, ta doka har tattabaru suka watse. Nezahat ta dafe ƙirji.

"Ke 'yar nan! Ƙato ce ke?"

"Ina ce ƙaramin don ado aka sa shi," in ji Derya.

Nedim bai yi dariya ba. Wanda ya buga ƙofar nan ya san muryar da Makbule take buɗe wa, ya kuma san yadda ake ce wa maƙwabta babu kowa a gida. Baƙuwar kwana uku ba ta san ko ɗaya ba.

Ya gangara kasuwar dukawa. Masu ɗinkin takalmi uku kaɗai suka rage a cikinta, ɗayansu kuwa Rifki ne, ɗan ƙanen mijin Makbule.

"Sannu da aiki, Rifki. Ka ji labarin goggonka?"

"Na ji, Allah ya jiƙanta. Shekara uku rabona da gidan. Ta kore ni don na ce a mai da shi otal. Kuma ai an ce mace ce."

"An ce ƙarfen mata aka buga. Ƙarfe ba ya tambayar hannu."

Allurar Rifki ta tsaya. Nedim ya ajiye jan zaren kusa da wanda ke kan benci. Launi ɗaya, kauri ɗaya.

"Kowane baduku yana da irinsa," in ji Rifki.

"Na leƙa sauran biyun, baƙi suke ɗinki da shi. Sun kuma ce ranar Litinin ka rufe shago daga azahar har la'asar. Ina ka je?"

Rifki ya dubi ƙofar shago. Kurtu yana tsaye a ciki. Rifki ya sauke takalmin da ke cinyarsa a hankali.

"Sa hannu kawai nake so ta yi a takardar gidan. Na san in na buga babban ba za ta sauko ba. Da na buga ƙaramin sai na ji ta daga sama tana cewa, 'Ina zuwa, 'yata!' Ta buɗe tana murmushi, Yallaɓai. Da ta gan ni ta juya ta hau sama, na bi ta, na fizgo hannunta..."

"Za ka kuma bar 'yar mutane ta tsufa a kurkuku?"

Nedim ya ɗauko waya ya ce a saki Derya yanzu, a kuma ba ta haƙuri.

Aka sa wa Rifki ankwa, aka bi da shi ta tsakiyar kasuwa. Dukawan nan biyu suka ajiye guduma suka miƙe tsaye suna kallonsa.