Ƙahon Ƙoƙon Kan Dutse

A Riruwai kowa na da abin faɗi a kan Hamman. Wai Bafulatanin da ya rabu da shanu bai rabu da dabara ba. Wai shirunsa ya yi yawa. Don haka da abu ya ɓace a ofishin Baturen kuza da yake gadi, tun kafin Saje Mudi ɗan doka ya buɗe baki an gama yanke hukunci. Shi ma ya bi su, ya sa wa Hamman igiya a gaban leburori.

Abin da aka taɓa wani ƙoƙon kai ne da ya zama dutse, wanda Baturen ya zo da shi daga Turai. Bai wuce na ɗan maraƙi ba. Baki kamar na aku, ƙashin ƙeya a baje kamar faifai, ƙaho ɗaya guntu a kan hanci. Baturen ya ce sunansa dainoso, danginsa sun fi kusa da kada da tsuntsu, sun ƙare tun ba mutum a duniya. An cire ƙahon, an kifa na maraƙi a gurbinsa.

"Wa ke da ƙahon maraƙi in ba mai shanu ba?" in ji Shitu kuku.

Gobe za a tura Hamman gaban alƙali a Tudun Wada. Bai ce komai ba sai, "Ban ɗauka ba, Saje."

Mudi ya kasa zama. Ya shiga, ya fita, ya dawo ya ɗaga ƙahon maraƙin sama. Tsininsa a huje yake, ga guntun kakin zuma a bakin hujin. Ya juya, sai ga ƙeyar Shitu da sabuwar tsaga.

"Kuku, wa ya yi maka ƙaho?"

"Isa wanzami, jiya."

"A ina?"

Shitu ya sosa kunne. "Nan ciki, ranka ya daɗe. Bature ya tafi Doguwa, ga rana..."

Isa na tsakiyar aski a kasuwa Mudi ya zazzage zabirarsa. Wani abu mai nauyi ya faɗo, tim: ƙahon da ya ɓace.

"Makiyayi ba ya huda tsinin ƙaho," in ji Mudi. "Mai zuƙar jini ke hudawa, ya toshe da kaki."

"Na zaci na karkanda ne," in ji Isa. "Na so in goga wa tsohuwata, ƙafarta ta shanye. Wallahi ko kaɗan bai gogu ba."

"Dutse ne, maigida. Karkanda da bakin aku?"

Mudi ya koma ofis da sassarfa. Ya sa aka kira leburorin nan duka, ya durƙusa ya kwance igiyar da hannunsa. Hamman na kallon shatin da ta bari a wuyan hannunsa.

"Baffa Hamman," in ji Mudi, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "maganar mutane na bi, ban duba ba. Na zalunce ka. Ka yafe mini."